Ƙarfen da ke Saman Ɗakin Maryama

Malam Zakariya'u ya jingina tsani da bango, ya rataya jakarsa, ya hau. Madina na tsaye a tsakar gida tana jin takunsa a kan kwano.

Ba a cika ruwa a Arlit ba, amma na bara ya zuba har kan katifar 'yarta Maryama. Fatahu magini, maƙwabcin da take ɗauka tamkar ƙani, shi ya gyara, ya ƙara ƙarafa biyu da ya samo wurin masu gwangwan. Bana ga tabon ruwa ya dawo a wuri guda.

Gidan kyauta ne. Shekara huɗu da suka wuce, da mijinta ya rasu a hatsari a hanyar Agadas, yayanta Alhaji Hashimu ya kwashe iyalinsa ya koma haya, ya damƙa mata mabuɗi. Kafin ta tare ma sai da ya sa aka rufe saman ɗakunan daga ciki da sabon katako. Labarin ya kai har Maradi, mahaifiyarsu ta yi ta kuka a waya tana sa masa albarka. Kowace Juma'a yakan tsaya a ƙofar gida ya miƙa cefane, ya ce sauri yake. In 'ya'yansa sun nemi kwana wurin Maryama, sai ya ce akwai lakwal gobe, makaranta ba ta jira.

Da ta ce masa za ta kira mai duba rufi, dariya ya yi. "Kada ki ɓata kuɗinki, zan turo miki nawa mutum." Wata biyu shiru. Ta ji kunyar tuna masa, bayan duk abin da ya yi mata, sai ta kira Malam Zakariya'u da kanta.

Shekara ashirin mutumin ya yi a ramin haƙar yuraniyom na Akokan. Da aka rufe ramin ya koma duba wa mutane rufin gidaje, ko kwano ya ruɓe, ko ƙusa ta saki. Yana kuma yawo da wata 'yar na'ura mai kama da rediyo.

Ita ce Madina ta ji ta fara ƙara daga sama, ƙyas, ƙyas, sannan ta ɓarke ba tsayawa.

Ya sauko a hankali, fuskarsa ba walwala.

"Malama, wa ke kwana a ɗakin nan?"

"'Yata."

"Lafiyarta ƙalau?"

Madina ta girgiza kai. Maryama ta daɗe ba ta cin abinci sosai, kullum a gajiye, ga haɓo jefi-jefi. An ce shawara ce, an sha jiƙe-jiƙe.

Ya yi mata bayani ba tare da kwana-kwana ba. Akwai ƙarafan da suka daɗe a cikin aikin yuraniyom, waɗanda binnewa ya kamata a yi, amma wasu kan zurare su shigo kasuwa. Ido ba ya ganin illarsu, hanci ba ya ji. Ya ce a fitar da kayan yarinyar yau, gobe a kai ta likita.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa gidan Fatahu. Ta same shi yana kwaɓa siminti.

"Ni za ka yi wa haka? Abincina kake ci, ka ɗora wa 'yata guba a kai?"

Fatahu ya saki shebur yana rantsuwa. Matan unguwa suka leƙo. Ta faɗa masa maganganun da ba ta taɓa faɗa wa ɗan Adam ba, ta ce da zarar Yaya ya ji, sai ya kwana a hannun 'yan sanda. Ya biyo ta gidan idonsa jawur, yana cewa a gwada a gabansa.

Malam Zakariya'u ya shiga ɗakin da tsaninsa, ya hau, ya ɓamɓare katako ɗaya, ya haska tocila. Ya kai na'urar jikin ƙarafan Fatahu. Shiru. Ya sake gwadawa. Shiru.

Sai ya matsar da ita zuwa wani tsohon bututu mai kauri da ya ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, wanda dukan rufin ke zaune a kansa. Ƙarar ta cika ɗakin.

Fatahu ya juya ya fita. Kunya ta lulluɓe Madina, tausayi ya biyo baya. Wato tun ginin farko aka cuci yayanta. Shekara nawa bawan Allah ya kwana ƙarƙashin wannan abu da matarsa da 'ya'yansa? Ta ɗauko waya, tana tunanin yadda za ta faɗa masa ba tare da hawan jininsa ya tashi ba.

Mai dubawar bai sauko ba. Ya goge ƙurar bututun da hannun rigarsa, wata alama ta jan fenti ta fito, da kwanan wata a gefenta. Ya daɗe yana kallo.

"Shi ya sa tun daga ƙofa nake jin kamar na san gidan nan," in ji shi. "Wannan rubutuna ne, Malama. Shekara huɗu ke nan. Na faɗa wa mai gidan komai, wani Alhaji Hashimu ɗan Maradi, ya ce mini a satin zai kwashe 'ya'yansa, kuma ya rantse babu mai rai da zai sake kwana a ciki."