Esin Motar Ɗauko Amarya

Kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya wuce mini, duk a kan esin wata tsohuwar mota, wato na'urar sanyaya cikinta.

Motar ta marigayi mijina Petrit ce, 'yar Jamus ce, ta girmi ɗana Dritan. A gidanmu nan garin Lushnje babu amaryar da aka taɓa ɗaukowa sai da ita, har ni ɗin nan. Ran Lahadi za a ɗauko wa Dritan tasa, Mirela, a tsakiyar zafin Agusta. Uwarta kuwa ta faɗa gaban kowa: 'yarta ba za ta shiga tanda kwalliyarta ta narke ba. Ko a gyara esi, ko su kawo tasu motar. Wannan kunyar ina zan kai ta?

Dritan ya kai motar garejin wata makanikiya, Usta Luljeta, wadda ta gaji sana'ar ubanta har da bakinsa. Ta saurari kwamfuresa, injin esin ke nan, ta ce shi ne ke ƙara, ta sauke shi, ta canza abin da ya cinye, ta ɗura gas. Sanyi ya zo kamar na firji. Bayan kwana biyu sai iska mai zafi.

Ya mayar. Ta gyara. Esin ya sake mutuwa.

Kullum da yamma yaron nan zai yi wanka, ya sa farar riga, ya fita yana mita. "Mama, matar nan ba ta san aiki ba, yau sai na ci mata mutunci." Sai ya dawo shiru, ya ce bai jin yunwa. Na ce tausayin uwarsa ne ke cin sa.

Ni zargina yana kan ƙanen mijina, Hekuran. Ya sayo sabuwar mota daga Italiya, so yake duk gari ya ga amarya a ciki.

"Matar yaya, akwalar nan ki bar wa kaji su yi ƙwai a ciki mana," in ji shi, yana shan kofina, yana cin burek ɗina, fanken naman da na gasa.

Jiya na kasa zama, na tafi garejin da kaina.

"Usta Luljeta, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, me ke damun motar nan?"

Ta yi ta goge hannu da tsumma, ba ta kalle ni ba. "Inna, kwamfuresa lafiyarsa ƙalau. Tiyo ma ba ya yoyo. Gas ne dai ke gudu."

"Ƙafa gare shi?"

"Wata rana tsohuwar mota takan yi haka."

"Ko kuma wani ke danna bawul yana sake shi! Ba yadda za a gane?"

Sai da na matsa ta ce tun makon jiya ta zuba wani rini a cikin gas ɗin, yadda suke neman yoyo. Da rana da ƙyar ake ganinsa, amma in an haska shuɗiyar tocila sai ya yi kore shar. Yakan manne wa hannu da tufa, in ji ta, ita ma na hannunta har yanzu bai gama fita ba. Na sunkuci tocilar daga kan tebur.

"Inna, bar ta, ba ta da batir!" in ji ta. Ban tsaya ba.

Da na koma gida, na ja Hekuran cikin sito mai duhu, na ce ya ɗauko mini tulun man zaitun. Na haske hannuwansa. Babu komai.

"Me kike nema, matar yaya, kwarkwata?"

Ya fita yana dariya. Na juya zan kashe tocilar, sai hasken ya faɗa kan kwandon wanki.

Jama'a, an aika wa dangi, an yi wa ɗan rago kuɗi, iyayen Mirela an ba su alkawari, kuma Lahadi jibi ce. Ku gaya mini yadda zan yi, in yi shiru ko in yi magana: duk fararen rigunan Dritan bakin hannunsu kore ne shar, kuma a bayan kowace riga, daidai kafaɗu, ga sawun ƙananan tafuka biyu, irin na wadda ta rungume mutum ba ta son sakinsa.