Tsibirin da Ba a Gaisar Ba

Tun da teku ta cinye ƙasa, mutane suka watsu a tsibiran murjani, babu jirgin da ke tafiya sai da akwatin hanya, na'ura mai magana da ke yi wa jirgi jagora. Shi kaɗai ya san inda duwatsu ke laɓe a ƙarƙashin ruwa. Kullum da safe yakan gai da tsibiran ɗaya bayan ɗaya, wanda bai gaisar ba kuwa an cire shi daga hanya ke nan.

Hansatu ta shiga jirgin Baba Tanko riƙe da maganin hawan jinin Innarta, wadda ke zaune a Tungar Fari.

"Tungar Kifi, ina kwana," in ji akwatin. "Tungar Gishiri, ina kwana." Bai ambaci Tungar Fari ba.

"Baba, ya tsallake tamu."

"Ƙila bai gama ba, 'yata," ya ce, bai dube ta ba.

Da hantsi suka hango Tungar Fari, hayaƙin girki na tashi. Baba Tanko ya murɗa sitiyari, amma sitiyarin ya ƙi motsi.

"Babu tsibiri a nan," in ji akwatin cikin ladabi. "Ruwa ne kawai."

"Ga Inna can tana ɗaga mana hannu! Baba, kashe shi mana!"

"In na kashe shi, duwatsun murjani za su farke cikin jirgin nan kafin mu kai rabi. Da can da ido nake bin hanyar. Na manta, 'yata."

Jirgin ya juya da kansa. Hansatu ta ruga can ƙarshen jirgin ta baya, ta ƙwala kira da duk ƙarfinta.

"Inna! Ina kwana!"

"Lafiya lau," in ji akwatin.