Allura a Baƙar Leda

Allurar ta huda baƙar leda, ta huda safar hannu, ta shige tafin Iya mai shara. Salatinta ne ya fito da Sista, shugabar nas-nas ɗin asibitin, daga ofis a guje.

Ta ja Iya zuwa famfo ta wanke wurin da sabulu. Shekara tara ke nan tana yi wa ma'aikata waƙa ɗaya: allura a kwalinta, auduga mai jini a ledarta, baƙar leda kuwa ta takarda ce da ɓawon lemo. Ba ta raga wa kowa. Ko likita ta taɓa tasa ƙeyarsa ya koma ya kwashe sirinjinsa.

Nan take kowa ya shiga rantse-rantse. Sharar ɗaki biyar Iya ta juye a leda ɗaya, to wa za ka kama?

Likita ya ce, "Yau ranar rigakafi ce, ƙila ta jarirai ce."

"Ba ta jarirai ba ce," in ji Sista.

"Ko ma ta wa ce, maganin kariyar ƙanjamau na mutum biyu ya rage mana. Mu bincika tukuna."

Zama ya gagari Sista. Ta shiga ofis, ta fito, ta dubi agogo, ta sake komawa. Ta fi kowa sanin cewa maganin nan da zafi-zafi ake fara shi, in an yi jinkiri ya zama aikin banza.

Iya kuwa har ta yafa mayafi. "Haba 'yar nan, ɗan wannan tsinin? Ku bar ni in tafi, jikokina na can ba su ci komai ba."

Da ma zaginta Iya ta yi, da ya fi mata sauƙi. Sista ta ce, "Iya, zauna, don Allah." Ta bi likita ɗakinsa ta turo ƙofa.

"Likita, rubuta mata maganin yanzu."

"Bisa wace hujja, Sista?"

Sista ta rage murya.

"Daga kwandon ofishina ta fito. Da safe na kulle ƙofa na gwada jinina a ɓoye, aka ƙwanƙwasa, na jefa allurar ciki. Kuma gwajin ya nuna ina ɗauke da cutar."