Abin da Ke Cikin Badamasi

Wata takwas ke nan Badamasi yana shirin barin duniya. Abin da ya hana shi kammala shirin shi ne yawan zagayawa.

Ciwon ba mai hayaniya ba ne, in ka cire ƙugin. Ciki ya murɗa da safe, ya kumbura da yamma, ya sake shi kwana uku kamar an yi sulhu, sannan ya dawo da sabon ƙarfi. Tuwon shinkafa da miyar kifi yake ci kamar kowa, amma babbar rigarsa kullum ƙara girma take yi. A masallaci ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa, jama'a suka ɗauka tawali'u ne.

Matarsa Hajo ce kaɗai ta sani. Ta ce ya je asibiti. Ya ce a Hadejia daga mai yankan kati har mai shara babu wanda bai san shi ba, kuma ranar da aka gan shi a layin masu ciwon ciki, ranar ya gama yawo a garin nan. Hajo ba ta musa ba. Ta dai ce gara a gan shi a layi da a gan shi a makara, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ranar Talata da sassafe ya ɗauko takunkumin fuskar da ya rage tun zamanin korona, ya shiga motar Kaugama. A wani ƙaramin asibiti ya ce sunansa Mala, manomin shinkafa daga Auyo. Ƙasa-ƙasa yake magana, kamar mai tsoron muryarsa.

Ma'aikaciyar da ta karɓe shi, Adila, ta tambaye shi me ke damunsa. Ya jero mata ciwon tun daga maƙogwaro har inda ya ƙare, a tsare, babu ko tuntuɓe, har ta tambaya ko ya taɓa aikin asibiti. Ya ce a'a. Ta miƙa masa 'yar kwalba, ta nuna masa bayan gida. Wannan ne aiki na farko cikin wata takwas da cikin ya yi masa gardama a kai. Sai da aka kusa azahar ya fito.

Da sakamako ya samu, Adila ta kira shi ya leƙa na'urar duba ƙwayoyin cuta da kansa. Ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle zube kamar iri a tafin hannu.

"Ƙwan tsutsa ne, Baba," in ji ta. "Ba kai kaɗai kake cin abincinka ba."

Ta ce mai yiwuwa su ne tushen ciwon, za a ba shi ƙwayoyi a gani. Amma sai an san ta inda suke shiga. Ruwan sha? Na burtsatse. Yana wanka a kogi? Rabonsa da shi tun yana saurayi. Maganin gargajiya fa? Badamasi ya gyara zaman takunkumi, ya ce yakan ɗan kurɓi Gagara-Ciki, jiƙon nan da ake sayarwa a kasuwar Hadejia.

Adila ta ajiye biro. Ta ce shi ne na biyar a watan nan, kuma duk biyar ɗin sun sha. Ita ba ta da rigima da saiwa ko sassaƙe. Rigimarta da ruwan da ake jiƙa su ne, wanda da gani daga kogi aka ciko jarka ba a ko tafasa ba. Badamasi ya ce wataƙila mai maganin bai sani ba.

"Ina zai sani? Ai shi ba sha yake yi ba. Ku yake ɗura wa."

Ta ce daga yau ko ɗigo kada ya ƙara sha. Ya ce to.

Ƙwayoyin suka yi aikinsu ba tare da wani surutu ba. Cikin kwana goma ƙugi ya ɗauke, kumatu suka fara dawowa, ya matso sahu na biyu. Babu wanda ya ji labarin Mala na Auyo. Hajo ta yi sadakar ƙosai.

Ranar kasuwa Badamasi ya buɗe bayan motarsa, ya kunna lasifika, ya saki muryar da duk Hadejia ta sani. Da jama'a suka taru ya cika kofi da Gagara-Ciki, ya ɗaga shi sama, ya ɗan jima yana kallonsa. A kasuwar nan ba a sayen jiƙon da mai shi bai fara sha a gaban mutane ba, kuma ranar sau goma sha ɗaya aka taru.