Ɗakin Gabas

Mu'awiyya ya gyara tsohon gidan kakansa da ke kan tudu a Gubuchi, daf da bakin ruwa, yana bai wa masu hutu haya. Badi'a ta zo duba wa ƙawayenta malaman makaranta masauki, sai ɗakunan suka kasa.

"Malam, ɗakin gabas fa?"

Ya jujjuya makulli, idonsa a ƙasa.

"Wannan ba na haya ba ne. Masu ganin ɗakin amarya nake jira. Daga gidanku, in an yarda."

Ta juya ta dubi bangon ɗakin.

"Tagar ta yi ƙanƙanta," ta ce a hankali. "Gwaggona sai ta yi magana."

"A faɗaɗa ta?"

Ta gyara mayafi.

"A faɗaɗa."