Na Biyar Ɗin Walƙiya

Huɗu ne. Tsani ya sake ƙirga su ko idonsa ne ya tsallake wani, amma huɗun ne dai ke motsa jiki a ƙarƙashin kwandon Walƙiya, ƙungiyar ƙwallon kwando ta gida, suna karɓa-karɓa da ƙwallo ɗaya da ta goge har ta yi santsi. A ɗaya ɓangaren, 'yan wasan baƙi sun cika bencinsu har wasu na tsaye.

Dokar gasar ba ta da wuyar ganewa. Ba a fara wasa sai da mutum biyar. Ƙungiyar da ta kasa fito da biyar ta sha kashi ba tare da an taɓa ƙwallo ba, wadda kuwa ta yi haka sau uku a kakar wasa ɗaya, an share sunanta daga gasar ke nan. Walƙiya ta riga ta yi sau biyu.

Tsani ya san wannan ɗakin wasa tun ba a yi masa rufi ba. A filin ajiye motocin kamfanin sabulu aka fara, da zoben da wani mai walda ya lanƙwasa musu, wanda ya ɗan karkace hagu, har sai da kowa ya koyi jifa a karkace. Koci ne ya tsinto Tsani a sashen ɗaure kwalaye, ya ce asara ce a bar wannan tsawon yana jera sabulu a saman kantar ajiya. Shi ya laƙaba masa sunan, shi ya koya masa tsalle, shi ya je wurin mahaifiyarsa ya rantse mata cewa wasan nan ba shashanci ba ne.

Daga nan abin ya yi ta hawa. Suka shiga gasar ƙwararru, suka ɗauki kofi, suka sake ɗauka. Kamfani ya gina musu wannan ɗakin da kujeru har sama. A shekarun nan, in Tsani ya tashi sama da ƙwallo, ihu har sai gilasan tagogi sun yi rawa, masu sayar da ruwa a bakin ƙofa kuwa suna yi wa ƙungiyar addu'a fiye da iyayen 'yan wasan.

Sai kamfanin ya rufe. Manyan ƙungiyoyi suka riƙa zuwa suna tsince 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zaɓen tumatir a faifai. Gwiwar Tsani ta riga ta sallame shi tun kafin nan, ya kama wata hanyar cin abinci. Koci kaɗai ya ƙi tafiya. Ya tsufa a kan wannan bencin, yana lallashin direbobi da teloli su zo atisaye bayan sun tashi aiki.

Yau Tsani bai so zuwa ba. Da safe aka kira shi, ya ce don Allah a nemi wani, aka ce babu wani. Da ya shigo bai je ya zauna kusa da Koci ba. Hannu kawai ya ba shi, irin wanda ya ba kocin baƙi, ya koma gefe ya tsaya yana kallon agogo.

Na biyar ɗin, Mai Burodi ake ce masa. A wani gidan burodi yake aiki can ƙarshen gari, maigidansa bai sake shi da wuri ba, ga kuma babbar mota ta faɗi ta tare hanya. Kyaftin ɗin Walƙiya ya same shi a waya, ya ce ya sauka daga bas yana tahowa da gudu. Da aka sake kira, wayar ba ta shiga ba.

Lokacin fara wasa ya yi, ya wuce. Ɗan jinkirin da doka ta yarda da shi ma ya kusa ƙarewa. 'Yan kallon da ba su cika layi biyu ba sun juya wa filin baya, ƙofa kawai suke kallo. Kocin baƙi ya fara ƙwanƙwasa agogonsa da yatsa.

Koci ya tashi da ƙyar, ya tako har inda Tsani yake. Tsohon bai taɓa roƙon kowa a gaban jama'a ba.

"Ɗana," ya ce da muryar da ba ta fita sosai, "kai kaɗai ka rage mana. Kada ka bari Walƙiya ta mutu ina kallo."

"Baba, ka san ba ni da yadda zan yi."

Da rigar wasa ce za a miƙo wa Tsani, da ya sa, ko da gwiwar za ta tarwatse a tsallen farko. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya ɗaure, ya kwance ɗayar, ya ɗaure. Ya nuna wani ɗigon ruwa a gefen fili ya ce a goge. Aka goge. Wani babur ya rage gudu a waje, kowa ya miƙe, babur ɗin ya wuce abinsa.

Wakilin hukumar gasa ya ɗago kai daga teburinsa ya dubi Tsani.

Tsani ya taka zuwa tsakiyar filin a hankali, har yanzu kunnensa na wajen ƙofa. Ya tsaya a kan tambarin Walƙiya da fentinsa ya koɗe, bai yarda ya dubi Koci ba. Sannan ya sa usur a baki ya busa, ya ɗaga hannu ya ba baƙi wasan, domin yau shi ne alƙalin wasa.