Cikin Giwan Ruwa

Wata la'asar ina yaro, a tsakar gidanmu na unguwar Marjandafak, kakata ta farke cikin wani giwan ruwa da aka kamo a kogin Shari. Tsawon kifin ya kai tsayina. Ta sa hannu ta zaro karfasa guda, ko narkewa ba ta fara ba. Har yau ina jin ƙarnin.

Na ce, "Kaka, mugu ne, 'yan'uwansa yake ci."

Ta ɗauraye wuƙa ta ce, "Maigidana, shi ke kiwon kogin. Ranar da ka rasa shi, kogin ba lafiya."

Jiya a kasuwar Habbena na ga irinsa cike da faranti, da gidan sauro aka kamo su. Ba wanda ya wuce tafin hannuna. Ban taya ba.